Kayan Tagullar Benin: Yadda Aka Kwashe Su da Taƙaddamar Mayar da Su

Kayan tagullar Benin suna ne da aka tara dubban kayan fada da na ibada a ƙarƙashinsa, waɗanda sojojin Birtaniya suka kwashe daga birnin Benin cikin watan Fabrairun 1897, shekara shida kafin Turawa su ci Kano da Sakkwato. Tun daga 2021 labarinsu bai cika barin gidajen rediyo da jaridu ba. Yau a ji wata jami'a ta mayar da zakaran tagulla, gobe a ji Jamus ta sa hannu a yarjejeniya, jibi kuma a ji ana sa-in-sa tsakanin fadar Benin da gwamnatin jiha. Yawan labaran ya sa an cakuɗa tambayoyi uku da ya kamata a raba: ta yaya kayan suka bar gidansu, na wane ne su, kuma wa zai riƙe su idan sun dawo. Ta farko tarihi ya amsa ta. Ta biyu ita ake ja a kanta da ƙasashen Turai da Amurka. Ta uku ta cikin gida ce, kuma ita ta fi wuya.

Wace Benin, kuma waɗanne kaya?

Masarautar Benin da ake magana a kanta tana kudancin Najeriya, a jihar Edo ta yau, kuma mutanenta Edo ne. Ba ita ce Jamhuriyar Benin mai maƙwabtaka da Najeriya da Nijar ba, wadda sunanta Dahomey har zuwa 1975. Abin da ya ƙara rikita mutane shi ne ita ma Jamhuriyar Benin tana da nata kayan da aka kwashe: a watan Nuwamban 2021 Faransa ta mayar mata da kaya 26 da sojojinta suka ɗauke daga fadar Abomey a 1892. Wannan wata shari'a ce dabam.

Sarkin Benin ana kiransa Oba, mahaifiyarsa kuma tana riƙe da sarautar Iyoba, wato uwar sarki mai fadarta da hadimanta. Yawancin kayan domin waɗannan fadoji biyu aka yi su.

Ba duka ne na tagulla ba. Akwai hauren giwa da aka sassaƙe tun daga gindi har tsini, da kayan katako, da na baƙin ƙarfe, da rigunan sarauta da huluna na murjani. Na ƙarfen ma, mafi yawansu haɗin jan ƙarfe ne da tutiya, ba haɗin jan ƙarfe da kuza ba, wanda sunan da Turawa suka laƙaba musu yake nunawa. Sunan dai ya riga ya bi su.

Akwai kuma kalmomi huɗu da rahotanni suke amfani da su kamar abu ɗaya ne, alhali kowace da hukuncinta. *Miƙa mallaka* shi ne gidan tarihi ya amince a rubuce cewa kayan ba nasa ba ne, na Najeriya ne, ko da kuwa kayan bai motsa daga inda yake ba. *Mayarwa* ita ce a ɗauko kayan a kawo shi gida. *Aro* shi ne a kawo kayan na wani wa'adi, mallaka tana nan a hannun wanda ya bayar. *Binciken asali* kuwa shi ne bin diddigin hannayen da kaya ya ratsa, daga ranar da ya bar gidansa zuwa ranar da ya shiga gidan tarihi, ta hanyar rasiɗai da wasiƙu da kundin 'yan gwanjo. Duk wanda ya riƙe bambancin waɗannan huɗu zai gane cewa kayan da aka miƙa mallakarsu sun ninka waɗanda suka iso Najeriya nesa ba kusa ba.

Masu zubi da aikinsu

Zubin tagulla a Benin sana'a ce ta gado, ta wata ƙungiyar maƙera da ake kira Igun Eronmwon, masu aiki da izinin Oba kuma domin Oba. Unguwarsu tana nan har yau a titin Igun cikin birnin, kuma zuriyarsu ba ta daina zubi ba. Masu sassaƙar hauren giwa da katako ƙungiyarsu dabam, sunanta Igbesanmwan.

Hanyar aikin ita ce zubin kaki. Maƙeri zai gina ciki da yumɓu, ya lulluɓe shi da kakin zuma, sannan ya zana duk abin da yake so a jikin kakin: tsagar goshi, jerin murjanin wuya, saƙar hula, har ɗigon jikin damisa. Sai ya rufe kakin da yumɓu mai laushi, ya ƙara mai kauri a kai, ya bar ƙofa. Idan ya bushe aka gasa, kakin ya narke ya tsiyaye, ya bar gurbinsa. Cikin wannan gurbi ake ɗura narkakken ƙarfe. Bayan ya huce sai a fasa yumɓun. Tunda sai an fasa mazubin kafin a ga aikin, kowane kaya shi kaɗai ne, ba shi da tagwai. Tsofaffin kawunan da aka zuba ƙarfensu siriri ne ƙwarai, abin da ke nuna ƙwarewa wajen sarrafa wuta da kuma tsadar ƙarfe a lokacin. Na baya sun fi kauri da nauyi, bayan ƙarfe ya wadata.

Wadatar ta zo ne ta teku. 'Yan Fotugal sun isa Benin wajen 1485, suka riƙa sayen barkono da hauren giwa da tufafi da bayi, suna biya da wasu mundaye na tagulla da ake kira manila, waɗanda suka zama kuɗi a gaɓar tekun Afirka ta Yamma. Maƙeran Benin sukan narkar da su. Wani bincike da aka wallafa a 2023 ya nuna cewa ƙarfen mundaye da yawa daga yankin kogin Rhine na Jamus ya fito. Ƙarfen ne ya zo daga Turai, ba sana'ar ba. Da kayan suka isa Landan, wasu Turawa sun kasa yarda cewa baƙar fata ne ya yi su, suka jingina aikin ga 'yan Fotugal ko Misirawan dā. Kayan tagullar Igbo-Ukwu, da suka girmi zuwan Fotugal da shekaru ɗaruruwa, da kawunan Ife, sun rushe wannan zato. Tarihin baka na Benin kansa yana cewa daga Ife aka kawo sana'ar a zamanin Oba Oguola.

Kayan iri-iri ne, amma biyu sun fi muhimmanci. Na farko kawunan sarakuna: idan Oba ya rasu, magajinsa yakan sa a zuba kai domin tunawa da shi, a ɗora a kan dandamalin kakanni, a kafa sassaƙaƙƙen haure a bisansa. Na biyu alluna masu kusurwa huɗu, kimanin 900, waɗanda aka zuba mafi yawansu a ƙarni na 16 da na 17 aka kafe a ginshiƙan fada. A jikinsu ana ganin Oba da fadawansa, jarumai da garkuwa, masu busa, masu riƙe da damisa, da 'yan Fotugal masu dogon gashi da bindiga. Kowace sarauta da shigarta, kowane biki da tsarinsa. Masarautar ba ta ajiye tarihinta a takarda ba, a waɗannan alluna da bakin masu haddace tarihi ta ajiye shi. Shi ya sa mutanen Benin suke cewa kundin tarihinsu aka ɗauke, aka yayyaga shi, aka raba wa ƙasashe.

Wanda ya fi shahara cikin kayan ba ma na ƙarfe ba ne. Fuskar hauren giwa ce ta Idia, mahaifiyar Oba Esigie wanda ya yi sarauta a farkon ƙarni na 16, kuma ita ce Iyoba ta farko. Irinta ba ɗaya ba ce: ɗaya tana gidan tarihin Birtaniya a Landan, wata tana gidan tarihin Metropolitan a New York.

Abin da ya faru a 1897

A ƙarshen ƙarni na 19 Birtaniya ta riga ta kafa ikonta a gaɓar teku, tana son manja da roba da hauren giwa na cikin ƙasa ba tare da harajin Oba ba. A 1892 wani jami'inta, Henry Gallwey, ya samo yarjejeniya daga fadar Oba Ovonramwen, wadda Turawa suka fassara da cewa Benin ta shiga ƙarƙashin kariyarsu ta kuma buɗe kasuwanninta. Fadar ta ci gaba da rufe hanyoyin ciniki duk lokacin da ta ga dama, 'yan kasuwar Turawa suna ta kai ƙara.

A ƙarshen 1896 muƙaddashin babban jami'in yankin, James Phillips, ya rubuta wa Landan yana neman izinin tuɓe Oba, har ya nuna cewa hauren giwar da ke fada zai biya kuɗin yaƙin. Bai jira amsa ba. Ya kama hanya da Turawa takwas da 'yan dako fiye da 200, duk da an aiko masa cewa Oba yana cikin ibadar shekara wadda ba ya ganin baƙo a cikinta. Ranar 4 ga Janairun 1897 mayaƙan Benin suka yi wa ayarin kwanton ɓauna kusa da ƙauyen Ugbine. Turawa biyu ne suka tsira. 'Yan dakon da aka kashe, waɗanda suka fi Turawan yawa sosai, ba a cika ambatonsu ba.

Cikin makonni kaɗan Birtaniya ta tara mayaƙa kimanin 1,200 ƙarƙashin Admiral Harry Rawson, da bindigogi masu sarrafa kansu. Birnin ya faɗi ranar 18 ga Fabrairu, aka ƙone garuruwa a hanya, gobara kuma ta cinye fadar bayan 'yan kwanaki. An kai Ovonramwen Kalaba, inda ya rasu a 1914. Ologbosere, wanda ya jagoranci harin Ugbine, ya ci gaba da yaƙin sunƙuru har aka kama shi aka rataye a 1899.

Hujjar da Birtaniya ta bayar ita ce ramuwar gayya da kuma hana yanka mutane domin tsafi. Yanka mutane ya faru a Benin, kuma ba daidai ba ne a ɓoye shi. Amma wasiƙar Phillips ta nuna niyyar cin masarautar ta riga harin Ugbine, kuma hana zubar da jini ba ya bukatar kwashe kayan fada.

Yadda suka watsu

An raba kayan a matsayin ganima. Wani kaso ya tafi hannun gwamnati, wani hafsoshi suka riƙe, suka riƙa sayarwa a hankali su da magadansu. Gwamnati ta ba gidan tarihin Birtaniya alluna kimanin 200, sauran suka shiga gwanjo. Jamusawa ne suka fi saurin gane darajarsu: Felix von Luschan ya saya wa gidan tarihin Berlin ɗaruruwa cikin 'yan shekaru.

A watan Nuwamban 2022 aka buɗe wani kundi a intanet mai suna Digital Benin, wanda ya lissafa kaya 5,246 a cibiyoyi 131 cikin ƙasashe 20. Wannan bai haɗa da na hannun attajirai masu tara kayan tarihi ba. Gidan tarihin Birtaniya shi kaɗai yana da fiye da 900. Tsadarsu ma ta zama wani shinge, domin a 2007 an sayar da kan Oba guda ɗaya a gwanjon New York a kan fiye da dala miliyan 4 da rabi.

Daga roƙo zuwa mayarwa

Neman kayan ba sabon abu ba ne. Oba Akenzua na Biyu ya nemi a dawo da wasu kujerun sarauta tun a shekarun 1930. Daga 1950 zuwa gaba, Najeriya ta kai ga sayen wasu alluna da kuɗinta daga gidan tarihin Birtaniya domin ta samu abin nunawa a Legas. A 1977 aka ɗauki fuskar Idia a matsayin tambarin bikin al'adun baƙar fata na duniya da aka yi a Legas, wanda ake kira FESTAC, aka nemi aronta daga Landan, aka hana. Sai da aka sassaƙa kwafi.

Iska ta fara juyawa a watan Nuwamban 2017, lokacin da shugaban Faransa Emmanuel Macron ya faɗa a Wagadugu cewa yana son a fara mayar wa Afirka kayanta. Rahoton da Felwine Sarr da Bénédicte Savoy suka miƙa masa bayan shekara guda ya ba da shawarar a mayar da duk abin da aka ɗauka da ƙarfi. A watan Oktoban 2021 kwalejin Jesus ta jami'ar Cambridge ta miƙa zakaran tagulla mai suna Okukor, jami'ar Aberdeen kuma ta miƙa kan Oba. A watan Yulin 2022 Jamus da Najeriya suka sa hannu kan miƙa mallakar kaya fiye da 1,000, kuma a Disamban shekarar ministar harkokin wajen Jamus, Annalena Baerbock, ta kawo kimanin 20 Abuja da kanta. A 2022 ɗin dai cibiyar Smithsonian ta Amurka ta miƙa 29, gidan tarihin Horniman na Landan ya miƙa mallakar 72. A watan Yunin 2025 Holan ta mayar da 119 a lokaci guda.

Hujjojin masu riƙewa

Hujja ta farko ta doka ce. Dokar gidan tarihin Birtaniya ta 1963 ta hana amintattunsa rabuwa da kayan da ke hannunsu sai a 'yan wurare ƙalilan. Yarjejeniyar 1970 ta UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda ta haramta fataucin kayan tarihi, ba ta komawa baya ta shafi 1897. Ana kuma cewa cin ganima halal ne a dokar yaƙi ta wancan zamani, tunda sai a 1899 yarjejeniyar Hague ta haramta wasoso. Masu neman mayarwa suna amsawa da cewa majalisar da ta yi dokar 1963 tana iya gyara ta, kamar yadda ta yi doka ta musamman a 2009 domin kayan da 'yan Nazi suka ƙwace. Suna kuma tunatarwa cewa tun 1815 ƙasashen Turai suka tilasta wa Faransa mayar da kayan da Napoleon ya kwaso. Ke nan ƙa'idar ba baƙuwa ba ce a Turai, Afirka ce aka ƙi shigarwa cikinta.

Ta biyu ita ce ta gidan tarihi na duniya baki ɗaya. A 2002 shugabannin manyan gidajen tarihi 18 suka fitar da sanarwa cewa kayan da ke hannunsu na 'yan Adam ne duka, kuma a Landan ko Paris ko New York ne miliyoyin mutane za su gan su kusa da ayyukan wasu al'ummomi. Akwai gaskiya a nan: zaman kayan a can ya taimaka wajen karya ƙaryar cewa Afirka ba ta da fasaha. Amma ɗan Edo mai son ganin fuskar Idia sai ya nemi biza da kuɗin jirgi, kuma mafi yawan kayan ma ba a baje suke ba, suna cikin ɗakunan ajiya.

Ta uku ita ce tsaro, wato tsoron kada kayan su lalace ko a sace su. Wannan hujja ba ta rasa madogara ba. An sha yin sata a gidajen tarihin Najeriya, musamman a shekarun 1980 da 1990, kuma a 1973 Janar Yakubu Gowon ya ba Sarauniyar Ingila kyautar wani kan Benin na asali da aka ɗauko daga gidan tarihin Legas. Sai dai a 2023 gidan tarihin Birtaniya ya bayyana cewa kaya kimanin 2,000 sun ɓace ko sun lalace a hannunsa, har shugabansa ya ajiye aiki. Ban da haka, raunin mai kaya wajen adana kayansa ba ya mayar da kayan na wanda ya ƙwace.

Mafitar da gidajen da doka ta ɗaure suke kawowa ita ce aro. Gana ta karɓa: a 2024 gidajen tarihi biyu na Landan suka ba fadar Manhyia ta Kumasi aron kayan zinariya da azurfa 32 na Asante, na shekara uku da damar ƙarin uku. Wasu na ganin gara a gani da ido ko da na ɗan lokaci ne. Wasu na ganin wanda ya sa hannu a takardar aro ya amince ke nan cewa kayan ba nasa ba ne, tamkar mutumin da aka ƙwace wa doki aka dawo ana ba shi hayarsa. Najeriya ta fi karkata ga tsarin Jamus, inda ake juya lamarin: a miƙa mallaka tukuna, sannan Najeriya ta ba da aron wasu su ci gaba da zama a can.

Taƙaddamar cikin gida

Ɓangarori uku ne suke da magana a Najeriya. Akwai gwamnatin tarayya ta hannun Hukumar Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979, kuma ita ƙasashen waje suke ƙulla yarjejeniya da ita, domin gwamnati da gwamnati take magana. Akwai fada, inda Oba Ewuare na Biyu, wanda ya hau gado a 2016, yake cewa daga gidan kakansa aka ɗauki kayan tun Najeriya ba ta wanzu ba, don haka can za su koma, a wani gidan tarihi na masarauta. Akwai kuma gwamnatin jihar Edo, wadda a zamanin Gwamna Godwin Obaseki ta goyi bayan gina wani sabon gidan tarihi ƙarƙashin amintattu masu zaman kansu, da tallafin kuɗi daga waje. Fada ta ɗauki wannan a matsayin yunƙurin zagaye ta, kuma saɓanin ya fito fili a 2021.

A watan Maris na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya fitar da sanarwa a jaridar gwamnati cewa Oba ne mai kayan kuma mai riƙonsu. Wannan ya tayar da ƙura a Jamus, inda wasu suka ce an miƙa kayan ne ga al'ummar Najeriya, ga shi sun zama na gida ɗaya. Gwamnatin Jamus ta ce ba ta gindaya sharaɗi ba. Sabon gidan tarihin kuwa ya cire kalmar Edo daga sunansa, ya koma Gidan Tarihin Fasahar Afirka ta Yamma. A 2025 fada da hukumar ƙasa suka daidaita cewa hukumar za ta kula da karɓowa da adanawa a madadin Oba.

Ta fuskar tarihi, hujjar fada ita ce mafi ƙarfi. Amma tambayoyin da ake yi mata ba na raini ba ne. Mallakar Oba ta gado ce ta kujera ko ta mutum? Ɗalibi daga Zariya ko Nsukka zai samu damar nazarin kayan? Wa zai biya kuɗin wuta da masu gadi da masu gyara? Kan da aka mayar kan dandamalin kakanni ya koma aikinsa na asali, amma ya fita daga idon jama'a. Duka biyun buƙatu ne na gaskiya, kuma rubutacciyar ƙa'ida ce kaɗai za ta iya raba wanne zai tafi ina.

Akwai murya ta huɗu daga ƙetare. Wata ƙungiya ta jikokin bayi a New York, ƙarƙashin Deadria Farmer-Paellmann, tana cewa mundayen da aka narkar kuɗin kakanninsu ne da aka sayar, don haka suna da haƙƙi a kayan, kuma bai kamata a miƙa su duka ga magadan masu sayarwa ba. Ta kai Smithsonian kotu ba ta yi nasara ba. Masana tarihi suna nuna cewa wasu kayan sun girmi wannan ciniki, kuma Benin ta daɗe tana taƙaita sayar da bayi maza ga Turawa. Duk da haka masarautar ta yi cinikin bayi, kuma ya dace duk gidan da zai baje kayan ya faɗi haka a fili.

Batun gumaka

Musulmi da Kirista da yawa, har cikin mutanen Edo, suna tambayar me ya sa gwamnati za ta ɓata lokaci kan gumaka. Gaskiya ne wasu kayan na ibadar gargajiya ne, kuma har yau wasu suna girmama su ta wannan fuska. Wasu kuwa, kamar allunan, tarihin sarauta ne da yaƙi da ciniki, wasu kayan ado ne, akwai ma cokula da mazuban gishiri na hauren giwa da aka sassaƙa domin sayar wa 'yan Fotugal. Neman mayar da su ba ya nufin amincewa da abin da aka yi imani da shi a kansu. Magana ce ta haƙƙi, kuma haƙƙin mutum a kan dukiyarsa ba ya faɗuwa don addininsa ya saɓa da na wani. Hujjar da ake kafawa a kan kayan Benin ita ce za a kafa a kan littattafai da tutoci da kayan yaƙi da aka ɗauka daga sauran masarautu a zamanin mamaya.

Abin da ake sa ran zai biyo baya

Kowace mayarwa tana ƙara matsa wa waɗanda suka rage. Gidan tarihin Birtaniya, mai kaso mafi girma, ba zai iya miƙa mallaka ba sai majalisar ƙasar ta taɓa dokar 1963, kuma gwamnatocinta sun sha cewa ba su da niyyar haka. Ana sa ran jami'o'i da ƙananan gidajen tarihi, waɗanda wannan doka ba ta ɗaure ba, su ci gaba da mayarwa. A kasuwa kuwa, manyan 'yan gwanjo sun fara gudun duk kayan da asalinsa ya koma 1897, abin da ke rage farashinsa a fili amma yake iya tura cinikin ɓoye.

A gida, nauyin ya ƙaru. Kayan tagulla da hauren giwa suna bukatar ɗaki mai daidaitaccen zafi da laima, da kundin da ya lissafa kowane ɗaya da hotonsa, da ma'aikatan da aka horar. Idan guda ɗaya cikin waɗanda aka dawo da su ya ɓulla a kasuwar waje, masu riƙewa za su samu hujjar da za su yi shekaru suna maimaitawa.

Shari'ar Benin tana da sauƙi ta fuska ɗaya: an san ranar, an san rundunar, an san fadar. Kayan da ake haƙowa daga ƙasa ba su da wannan gata. Mutum-mutumin yumɓu na Nok a kudancin Kaduna, da makamantansu na yankunan Sakkwato da Katsina, da na Bura a Nijar, an fitar da su da yawa ta ɓarauniyar hanya bayan samun 'yancin kai, musamman a shekarun 1990, kuma 'yan ƙasa ne suka haƙa suka sayar wa dillalai. A shekarar 2000 majalisar gidajen tarihi ta duniya ta sa su duka a jerin kayan Afirka da ke cikin haɗari. A shekarar ce aka baje wasu kayan Nok a gidan tarihin Louvre na Paris, aka yi ta ce-ce-ku-ce, har a 2002 Faransa ta amince cewa na Najeriya ne, Najeriya kuma ta bar mata su aro na shekara 25. Irin waɗannan kaya yarjejeniyar 1970 ta shafe su, amma sai ƙasa ta iya nuna daga ina aka haƙo su da kuma yaushe, kuma ramin da mahaƙan ɓoye suka tone ya riga ya rasa jerin ƙasa da gawayi da tukwanen da masu bincike suke auna shekaru da su.